Bututun Iska Mai Sanyi: Ƙarin Ƙarfi Ne Ko Ajalin Inji?

Wanda duk ya saba zagaya kasuwannin kayan mota na ƙasar nan, ko Ladipo ce a birnin Ikko, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko kuwa Panteka a Kaduna, yakan ci karo da wani irin kaya da ake ratayewa a bakin rumfa don ya ɗauki ido. Bututu ne na ƙarfe mai walƙiya, kaurinsa kamar damtsen ƙato, an ɗaura masa wata matata ja ko shuɗiya mai siffar mazurari a baki. Mutum na tsayawa ya dube shi, sai mai rumfa ya shiga koɗa shi: wai yana ƙara wa mota ƙarfi, yana rage mata shan mai, sa'an nan yana sa inji ya riƙa gurnani kamar na motar tsere.

Waɗanda suka ƙera shi suna kiransa mashigar iska mai sanyi. Ana cire akwatin matatar iska da mota ta zo da shi daga masana'anta, watau abin da makanikai ke kira iya-kilina, a ɗaura wannan a madadinsa. Da can wasan samari ne masu kuɗin ɓatarwa. Amma tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, duk abin da aka ce yana rage shan mai sai ya sami masu saurare, har cikin magidanta da direbobin haya. Ban da haka, akwai mutane da dama da suka sayi mota 'yar Kwatano wadda ta fito daga Amurka, ba su ma san da wannan bututu ta zo ba, domin ba su taɓa ɗaga bonet sun duba da idon basira ba.

Abin da inji ke shaƙa

Jama'a sun ɗauka da mai mota take tafiya. Gaskiya ne, amma rabin zancen ke nan. Fetur ba ya cin wuta shi kaɗai sai ya gauraya da iska, kamar yadda gawayin maƙeri ba ya ja sai an yi masa zuga. Kilo ɗaya na fetur yana bukatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. In aka juya lissafin zuwa abin da mai mota ya sani, kowace lita guda da ya saya a gidan mai sai injinsa ya shaƙi iska wajen lita 9,000 kafin ya gama da ita, watau cikin duro 45. Duk wannan iska kuwa ta cikin matata take bi.

To, iska tana da wata ɗabi'a. In ta yi zafi sai ta buɗe ta yi sakayau, in ta yi sanyi sai ta tsuke ta yi nauyi. Ita kuwa silindar inji mudu ce, ba ruwanta da nauyi, cika kaɗai ta sani. Saboda haka in aka cika ta da iska mai sanyi, an zuba mata oksijin fiye da wanda za ta samu a cikin iska mai zafi, oksijin ɗin nan kuwa shi ne abincin wuta. Alal misali, iskar da zafinta ya kai digiri 60 a ma'aunin Selshiyas ta gaza wadda ke digiri 30 nauyi da kimanin kashi 9 cikin 100. Ƙarƙashin bonet kuwa wuri ne mai zafi ƙwarai, ga lagireto yana huci, ga bututun salansa ya yi jawur. Dabarar ke nan gaba ɗaya: a miƙa wa inji dogon hanci ya shaƙo iska daga waje, a kuma rage masa kwane-kwanen da ke tauye numfashinsa.

A bisa ilmi babu ƙarya a cikin wannan. Kowane tsohon direba ya san mota ta fi jin daɗin tafiya da asuba a kan tsakar rana. Inda gardama take shi ne yawan ribar, da kuma abin da ake bayarwa kafin a same ta.

Asalin abin

Jar matatar nan ta samo asali ne a Jihar Kalifoniya ta Amurka. Wasu mutum biyu masu sayar da babura kuma masu tsere da su, Ken Johnson da Norm McDonald, su ne suka kafa kamfanin K&N, wanda ya ɗauki harafin farko na sunan kowannensu. Matatar takarda tana toshewa da wuri a tseren hamada, don haka a ƙarshen shekarun 1960 suka fito da wata ta auduga mai kama da bandejin asibiti, ninki-ninki a tsakanin ragar waya, wadda ake shafa wa mai. Ramukan audugar sun fi na takarda faɗi, iska tana wucewa a sake, man kuma shi ke cafke ƙura. In ta yi datti a wanke, a sake shafa mai, a mayar.

Dogon bututun da ake haɗawa da ita ya yaɗu ne a shekarun 1990, sa'ad da samarin Amurka suka duƙufa wajen gyaggyara ƙananan motocin Japan irin su Honda Civic. Fim ɗin The Fast and the Furious da ya fito a 2001 shi ya kai wannan yayi ko'ina a duniya, har ya iso garejin makanikan ƙasar nan.

Iri biyu ake samu a kasuwa. Akwai gajere, wanda matatarsa ke zaune tsirara a cikin ɗakin inji. Akwai dogo, wanda ke gangarawa ya kai matatar can ƙasa, bayan bamba ko cikin madigadi kusa da taya. Dogon shi ne ainihin mai kawo iska mai sanyi. Gajeren kuwa, wanda shi ya fi araha kuma ya fi yawa a rumfuna, sunan kawai ya ara. In mota ta maƙale a gosulo, babu abin da yake zuƙa sai hucin lagireto, har ma akwatin da aka jefar ya fi shi samun sanyi.

Wannan batu na akwatin asali ya kamata mai karatu ya tsaya a kansa, domin masu talla sukan nuna kamar injiniyoyin Toyota da Honda ba su san iska mai sanyi tana da amfani ba. Sun sani sarai. A yawancin motocin zamani bakin akwatin yana ɗebo iska ne daga gaba, ta bayan raga ko gefen fitila, ba daga jikin inji ba. An yi shi da roba mai kauri wadda ba ta ɗaukar zafi kamar ƙarfe. Kwane-kwanen da ke cikinsa kuma ba ado ba ne: suna sa feshin ruwa da tsakuwa su faɗo kafin su kai ga matata, akwai ma ɗan rami a gindinsa inda ruwan ke tsiyayewa. Waɗansu ƙulle-ƙullen roba da ke manne a jikin tiyo, waɗanda makanike kan ce ba su da aiki, su ne ke kashe ƙarar zuƙar iska. Cire su ne ke kawo gurnanin da samari ke so. Kunne kuwa yana da saurin yaudarar ƙafa, mutum na jin ƙara ta ƙaru sai ya rantse gudu ma ya ƙaru.

Lissafin riba

Kamfanonin da ke ƙera bututun sukan yi alkawarin ƙarin ƙarfin doki 5, ko 10, wani lokaci fiye da haka. Abin da ba a cika karantawa ba shi ne inda ake samun wannan ƙari. Ana auna shi ne sa'ad da aka take totur har ƙasa, inji yana juyawa kusa da iyakarsa. Magidancin da ke kai yara makaranta ya wuce ofis yana iya shekara bai kai injinsa wannan matsayi ba.

Injiniyoyi suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, cewa duk saukar digiri 5 ko 6 na zafin iska tana ƙara ƙarfi da wajen kashi 1 cikin 100. A ɗauki Toyota Camry mai inji lita 2.4, wadda ƙarfinta yake wajen doki 160. Ko da a ce bututun ya rage zafin iskar da digiri 15, abin da ba lalle ba ne, ribar ba za ta wuce doki 4 ko 5 ba. Ɗaukar fasinja guda mai jiki ya isa ya cinye ta.

Ga wani abin kwatance. Garin Jos yana bisa tudun da ya kai mita 1,200 daga gaɓar teku, iskar can kuma ba ta kai ta Legas nauyi ba. Duk motar da ba ta da turbo, in ta tashi daga Legas ta hau Jos, takan yi asarar fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙarfinta. Dubban direbobi suna yin wannan tafiya ba tare da sun lura da wani babban bambanci ba. Wanda bai ji asarar kashi 10 ba, da wuya ya ji ribar kashi 3.

Sai batun shan mai, wanda shi ne ya fi jan hankali yanzu. A nan maganar masu rumfa ta fi rauni. Motar zamani tana da kwamfuta da ke auna iskar da ta shigo, ta zuba mata fetur daidai gwargwado, kullum tana neman ma'aunin nan na 14.7. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru. Sa'an nan a tafiyar yau da kullum ba matata ce ke tare iska ba, murfin totur ne, wanda direba da ƙafarsa yake riƙe da shi kusan a rufe. Wanda ya faɗaɗa ƙofar zaure alhali ƙofar ɗaki tana sakaye bai ƙara wa ɗakin iska ba.

An ma gwada wannan. A shekarar 2009 ma'aikatar bincike ta gwamnatin Amurka da ke Oak Ridge ta fitar da sakamakon wani gwaji da ta yi da motoci huɗu, uku na zamani, ciki har da Camry ƙirar 2003, da tsohuwar Pontiac ƙirar 1972 mai kafireta. Aka toshe matatarsu da gangan. Motocin zamanin sun rage kuzari wajen tashi, amma shan mansu bai sauya wani abin kirki ba. Tsohuwar mai kafireta ce kaɗai ta ƙara shan mai. To, in toshe matata bai ƙara shan mai ba, ta ina buɗe ta zai rage shi? Abin da ya fi faruwa ma shi ne akasin haka, domin wanda ya sayi gurnani da kuɗinsa ba zai bar totur ya huta ba.

Ƙura

Da a ce abin ya tsaya a ƙaramar riba ne, da sai a ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma ƙasar nan tana da abokan gaba guda biyu da ba sa raga wa inji, kowanne da lokacinsa.

Na farko yana zuwa da hunturu. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda busasshen gindin tsohon tafki ne kuma ana lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Hazon nan da ke hana jirage sauka a Kano da Maiduguri, har ya kai bakin teku, garin ƙasa ne mai laushi kamar hoda, amma a cikin inji aikin dutsen wasa yake yi. In ya shiga silinda sai ya gauraya da baƙin mai, ya riƙa cin rin da bangon silinda a hankali. Ba a jin komai a watan farko. Sai daga baya mota ta fara shan baƙin mai, tana fitar da shuɗin hayaƙi, makanike ya ce sai an sauke inji.

Matatar da ta fi barin iska ta wuce, a bisa galibi ita ce ta fi barin ƙura ta wuce, sai fa in an ƙara mata faɗi sosai. Mai karatu zai iya cewa ai don hamada aka ƙirƙiro ta auduga. Haka ne. Amma ɗan tsere yana wanke tasa ya sake mata mai bayan kowace gasa, kuma ya san zai buɗe injinsa ba da daɗewa ba. Garkuwar wannan matata ita ce man da ke jikinta, in ya bushe ta zama rariya. Kamfanin K&N yana cewa tasa tana iya yin doguwar tafiya kafin a wanke, amma a kan babbar hanya mai kwalta yake nufi, shi da kansa ya ce inda ƙura take da yawa sai an riƙa dubawa akai-akai. Wannan kuma zancen ta gaskiya ke nan. Jabun da suka cika kasuwa, waɗanda ba su da suna ko suka saci sunan wani, wasu in an ɗaga su sama ana hango rana ta cikinsu.

Mutanen da ba su yi wasa da ƙura ba. Tsofaffin Land Rover da taraktoci suna da matata mai kaskon mai a gindi, iska ta bugi man ta bar dattinta a ciki. Manyan motocin daji kamar Land Cruiser kuwa, sama suke kai hancinsu, daidai rufi, inda ƙura ta fi sauƙi kuma ruwa ba ya kaiwa. Dogon bututun samari ya yi akasin haka, ya kai hancin mota ƙasa, daidai inda tayar gaba ke tayar da ƙura.

Ruwa

Na biyu yana zuwa da damina, shi kuma ba ya jan lokaci. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. A injin lita 2 mai silinda huɗu, sa'ad da fistin ya hau ƙololuwa, sararin da ya rage a samansa bai wuce cikin cokalin cin abinci huɗu ba. In ruwan da ya fi haka ya shiga, fistin zai taho da ƙarfinsa ya tarar da abin da ba ya gusawa. Sandar da ke riƙe da shi, wadda makanikai ke kira konrod, ita ke lanƙwashewa, ko ta karye ta huda bulok. Cikin ƙiftawar ido an gama.

Akwatin asali yana can sama, kusan daidai fitila, sai ruwa ya yi zurfi ƙwarai kafin ya kai gare shi. Matatar dogon bututu kuwa wani lokaci ba ta fi taƙi biyu daga ƙasa ba. Ba sai an yi ambaliya irin wadda ta shanye Lekki da Victoria Island a watan Yuli na 2017 ba. Kududdufin da ke taruwa inda kwalbati ta toshe ya isa, balle in wata babbar mota ta wuce ta turo igiyar ruwa. Abin takaici, dabarar da direbobi suka gada ta shiga ruwa, watau a sa giya ta ɗaya a ba da wuta sosai don kada salansa ta sha, ita ce ke sa inji ya zuƙi ruwan da dukan ƙarfinsa.

In mota ta mutu a cikin ruwa, babban kuskure shi ne a sake murza makulli ko a ce a tura ta ta tashi. Sau da yawa wannan yunƙuri na biyu shi ke karya abin da na farko ya bari. Sai a jawo ta waje, a cire filogi duka, a juya inji ruwan ya fito ta ramukansu, a sauya baƙin mai kafin a kunna.

In dai sai an ɗaura

Wanda ya ji duk wannan ya ce shi dai yana so, aikin ba mai wuya ba ne, makanike mai natsuwa zai gama cikin sa'a ɗaya ko biyu da sukundireba da 'yan sifanu. Sai dai ƙananan abubuwa ne ke ɓata shi. Kafin a taɓa komai a bar inji ya huce, a cire wayar batir ta baƙi. A tabbata kuma kayan na wannan mota ne musamman, ba irin wanda ake cewa yana shiga kowace mota ba.

Dalili kuwa shi ne sensar auna iska, wadda motoci da yawa suke da ita a jikin tiyo bayan matata. 'Yar siririyar waya ce da ake ɗumamawa da lantarki, kwamfuta tana gane yawan iska ta yadda iskar ke sanyaya ta. An daidaita lissafinta ne da faɗin tiyon asali. In sabon bututu ya fi faɗi, sai ta riƙa faɗa wa kwamfuta ƙasa da abin da ya shiga, mai ya yi kaɗan, mota ta riƙa shaƙewa ko fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba. Akwai alamar kibiya a jikin wasu, dole ta dubi wajen inji. Ba a taɓa wayar da yatsa. Makanikai da dama suna kuma ɗora laifin lalacewar wannan sensa a kan man matata in an cika shi, ko da yake K&N ya musanta cewa mansa yana barin audugar. Ko wane ne mai gaskiya, shafawa ake yi, ba jiƙawa ba.

Akwai ƙaramin tiyo da ke fitowa daga murfin inji ya shiga babban, tilas a mayar da shi mazauninsa, kada a bar shi yana lilo. Kowane mahaɗi a ɗaure shi da kilif sosai, domin iskar da ta saci hanya ta nan ba a tace ta ba, ba a kuma auna ta ba. Bututun kansa a kafe shi a jikin mota da maƙalar roba, don inji yana girgiza, kada ya riƙa gogar waya ko tiyon lagireto. Mafi dacewa da ƙasar nan shi ne irin wanda matatarsa ke cikin rufaffen akwati a sama, a gurbin na asali. Wanda ya nace wa dogo, akwai wani bawul da ake sakawa a tsakiyar bututu, wanda ke buɗewa in matata ta nutse, akwai kuma rigar da ake sa mata mai tare feshi. Rigar ba ta hana komai in matatar ta shiga ruwa tsundum.

Wajen wanki ma akwai al'adar da ta kamata a bari, ta kai matata wurin mai faci ya hure ta da iskar taya, ko a wanke ta da fetur. Iskar tana yaga ramuka a takarda da auduga duka, ramukan da ido ba ya gani. Ta auduga da sabulunta na musamman ake wanke ta, a ɗauraye daga ciki zuwa waje, a bar ta ta bushe da kanta kafin a shafa mai.

A Amurka akwai dokokin da ke kewaye da wannan sana'a. Jihar Kalifoniya ba ta yarda a hau titi da irin wannan bututu ba sai yana da lambar amincewa daga hukumar kula da tsabtar iska ta jihar. Akwai kuma dokar Magnuson-Moss ta 1975, wadda ta hana kamfanin mota soke garanti don kawai an sa kayan wani kamfani, sai in kayan ne suka jawo ɓarnar. Mai 'yar Kwatano ba shi da garantin da za a soke, in inji ya buga aljihunsa ne kaɗai zai amsa.

Shi kuwa wanda ya sayi mota ya tarar da bututun a ciki, akwai gwaji mai sauƙi. Ya kwance kilif, ya zare matatar, ya zura farin ƙyalle ya goge cikin bututun. In ƙyallen ya fito da jar ƙura, to ƙura tana wucewa zuwa cikin inji. Akwatin asali na Camry da Corolla da Accord ba ya wuyar samu a hannun masu sayar da kayan tsofaffin motoci, sai dai a duba kada ya zama fasasshe, a kuma tabbata ya zo da murfinsa da maƙalansa duka.